Wa Ke Yanke Farashin Gumi?

Gonata tana kan hanyar Madara, ba nisa da Azare. Duk shekara idan gero ya taso, ciyawa ta taso tare da shi, nakan yi sammako in ɗebo 'yan ƙwadago. Bana a cikinsu akwai wani dattijo daga wani ƙauye ta wajen Chinade, wanda ya kusa haifata. Muka yi jinga, na taya, ya sallama ba tare da ja-in-ja ba. Da rana ta take muna shan fura a gindin tsamiya, na ce, "Baba, taka gonar fa, an nome ta?" Ya ce, "Alhaji, tawa sai an samu abin ɗora tukunya tukuna. Rumbu ya ƙare tun kafin ruwan fari."

Tun ranar tambaya ɗaya ta hana ni sakat. Ya yarda, na biya. To, na fita haƙƙinsa?

Masana tattalin arziki sun daɗe da auna irin wannan ciniki a ƙasar Hausa. A shekarun 1960 David Norman na Cibiyar Binciken Noma ta Samaru ya bi ƙauyukan Zariya yana ƙirga kwanakin aikin gona, ya ga cewa inda manomi ya fi shaƙewa shi ne makonnin noma a Yuni da Yuli, lokacin da kowace gona ke neman hannu a rana ɗaya. Polly Hill kuma ta zauna a Batagarawa ta Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 yadda talauci kan hana mutum noma: yunwa ta tura shi gonar wani daidai lokacin da tasa ke jiran fartanya, girbinsa ya yi ƙaranci, baɗi ya sake fita ƙwadago. Ashe ba wunin dattijon kaɗai na saya ba. Na haɗa da wani yanki na damman da zai ɗaure a kaka.

Hukuma ba ta tsakaninmu. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, amma dokar ba ta shafi aikin gona na damina ba. Janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuwa ya iske mu duka, sai dai ni ya taɓa ribata, shi ya taɓa tuwon darensa. A bakin kunya daga ni sai shi sai Allah.

Na sha jin manoma 'yan'uwana suna fakewa da labarin tsadar da aka yi a Madina, lokacin da sahabbai suka roƙi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, ya ƙi, ya mayar da lamarin ga Allah. Gaskiya ne. Amma dalilin da ya bayar shi ne gudun kada ya gamu da Ubangijinsa wani yana bin sa haƙƙi. Wato labarin da muke fakewa da shi tsoron zalunci yake koyarwa. Manzon Allah ne kuma ya hore mu da biyan ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. A fiƙihu jingarmu ta inganta, tunda aiki sananne ne, lada sananne, an kuma yarda. Sai dai yardar mai jin yunwa ba ɗaya take da ta mai ƙoshi ba. Shi ya sa a Suratun Nahli aka ambaci adalci, aka bi shi da kyautatawa.

Ban manta da uzurin mai gona ba, domin ni ma shi ne. Taki ya yi tsada, iri da maganin feshi haka. Idan na ninka lada alhali kuɗin buhun gero bai ninka ba, baɗi zan rage gona, aikin ma ɗan ƙwadago ya rasa. Kasuwa ba ƙarya take yi ba, tana faɗa mini abin da zan iya ɗauka. Abin da ba ta faɗa shi ne abin da zan amsa gobe ƙiyama. Kakanninmu a ƙasar Katagum sun gane haka, shi ya sa suka riƙe gayya: a taru a nome gonar wanda ya gaza, don kada ciyawa ta cinye masa shekara.

Ga abin da na iya. Ina biya a bakin gona, ba "zo gobe". Aiki yana tashi da azahar, yamma ta mutum ce da gonarsa. Ban da zakkar da nake fitarwa a kaka, nakan ware buhu biyu sai marka, in ba da rance kwano da kwano, ba ƙari.

Da lokacin maimai ya zo, kwana uku dattijon bai zo ba. Rana ta huɗu sai ga shi da fartanya a kafaɗa. Ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, tawa na tsaya na ƙarasa." Na ce, "Baba, wallahi ban ji labari mai daɗin wannan ba duk daminar nan."