Ladan Ƙafa da Ladan Jirgi

A shekarar 1925 jiragen sojan Birtaniya guda uku suka taso daga Masar, suka ratso Sudan da Chadi, suka sauka a Kano. Hanyar da suka keto ta sama cikin 'yan kwanaki ita ce wadda mutanen ƙasar Hausa suka daɗe suna takawa da ƙafa, sai dai su gabas suke dosa. Maniyyaci zai yi sallama da dangi, a yafi juna, ya bi ta Borno ya shiga Wadai, ya ƙetare Darfur har El Obeid, inda layin dogo ya iso a 1912. Daga nan sai Khartum, sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, sai jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani ya yi shekara uku, wani bakwai. Wasu guzuri ya ƙare musu a gonakin audugar Jazira, suka yi aure suka hayayyafa, jikokinsu na can har yau.

Yanzu daga Kano zuwa Jidda bai kai awa biyar ba. Shi ya sa tambayar ba ta ƙarewa a zaure: wanda ya ci tuwon dare a gidansa ya yi sallar asuba a ƙasa mai tsarki, ladansa ɗaya da na kakansa da ƙafa ta tsattsage a hanya?

Masu cewa ba ɗaya ba suna da abin riƙewa. Suratul Hajji ta ambaci masu zuwa da ƙafa kafin masu zuwa a kan raƙuma, kuma akwai hadisin Nana A'isha da ke nuna lada na bin gwargwadon ɗawainiya da abin da aka kashe. To amma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin dattijon da ya yi bakancen tafiya da ƙafa, 'ya'yansa biyu na tallafe da shi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya hau abin hawa. Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus, ya warware kullin a cikin littafinsa Muwafaƙat: wahalar da ibada ta zo da ita ana samun ladanta, amma ba a nemo wahala da gangan don a ƙara lada. Kakan nan bai ga jirgi ya ƙi hawa ba. Da ya samu, da ya hau. Alhazan Sham ma haka suka yi lokacin da layin dogon Hijaz ya isa Madina a 1908, ya mayar da tafiyar kusan kwana 40 ta koma ta 'yan kwanaki. Waɗanda suka fi yin fushi su ne masu hayar raƙuma, kuma ba ladan kowa suke karewa ba.

Jirgin ma bai zo da aminci zalla ba. A watan Janairun 1973 jirgin alhazai ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A 1991 wani ya kama da wuta bayan tashi daga Jidda zuwa Sakkwato, duk mutum 261 da ke ciki ba wanda ya fita.

Fiƙihu kuwa bai sha wuya da sabuwar hanyar ba. Miƙatin da ake yada zango a yi wanka a ɗaura harami, yanzu ana wuce shi ta sama cikin ƙiftawar ido. Malamai suka koma ga abin da Sayyidina Umar ya yi wa mutanen Iraƙi, da ya ce su dubi daidai saitin miƙati a kan hanyarsu. Shi ya sa ake sanarwa a cikin jirgi idan an kusa. Shehu Abdullahi bin Zaid Al Mahmud na Ƙatar ya ga halaccin jira sai an sauka Jidda, mafi yawan malamai ba su bi shi ba.

Inda jirgi ya taɓa addini da gaske shi ne batun iko. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, mai lafiyar da zai iya takawa kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, aikin Hajji ya hau kansa ko ba shi da abin hawa. Wannan hukunci ne ya fitar da wanzami da zabirarsa, da maɗinki da allurarsa, da almajiri da allonsa. Talauci bai hana su ba, lokaci kawai ya ci musu. Yau hanyar ƙafa ta toshe da fasfo da biza da iyakokin ƙasashe, ga yaƙin Sudan. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka ƙayyade wa kowace ƙasa kujera dubu ga kowane Musulmi miliyan ɗaya, kuɗin kujera kuma a Nijeriya ya kai miliyoyin naira. Wanzamin da kakansa ya isa Arfa da aska, shi sai dai ya raka alhazai sansani ya ce a yi masa addu'a. Shari'a ta ɗauke masa nauyin, gaskiya ne, amma ba ta cire masa begen ba.

Shekarun da ake ci a hanya ba su ɓace ba, wurin zama suka sauya. Maleshiya ta kafa asusun Tabung Haji a 1963 don manoma su riƙa tarawa kaɗan-kaɗan, hukumar alhazan Nijeriya ma ta ɓullo da nata adashen. A wasu lardunan Indonesiya, wanda ya yi rajista yau zai jira fiye da shekara 20 kafin sunansa ya fito, ya hau jirgin da zai kai shi Jidda cikin kusan awa goma.