Ƙaddara Ko Sakaci? Hukuncin Likita Idan Jijiya Ta Ɓaci

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san siririyar robar nan da likita kan zura a babbar jijiyar wuya, ko ta saman ƙirji, ko ta matsematsi, domin wankin jini ko ba da magani mai ƙarfi. Wani likitan Suwidin mai suna Seldinger ne ya fito da hanyar zura ta a kan waya a 1953. Ta ceci rayuka, amma ba ta rasa haɗari. Allura kan kauce ta huda jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ko ta taɓa huhu iska ta taru a ƙirji. In robar ta daɗe, ƙwayoyin cuta kan bi ta, ko jini ya daskare, ko jijiyar ta tsuke har hannu ya kumbura.

To, in haka ta faru, alhakin wa? Wasu kan ce ƙaddara ce, su rufe zance. Wasu kuma kan far wa likita da zagi. Shari'a ba ta bi ɗaya daga cikinsu ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilminsa ba. Ibnul Ƙayyim, cikin Zadul Ma'adi, ya bayyana cewa gwanin da aka yi wa izini, ya kuma cika ƙa'idar aikinsa, babu lamuni a kansa ko da cuta ta biyo baya. Ibnu Rushdi kuwa ya kawo cewa likita in ya yi kuskure, akwai diyya.

Saboda haka ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. Wanda yake da na'urar hango jijiya ya ƙi amfani da ita, ko ya yi wasa da tsabta, ko ya bar robar bayan buƙatarta ta ƙare, ya ci amanar da aka damƙa masa. Wajibi ne likita ya faɗi haɗarin tun kafin aiki, in an sami matsala kuma kada ya ɓoye. Dangin majiyyaci su ma su ji tsoron Allah, kada su zalunci wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.