Filafilin da Ya Karye Cikin Ruwa

Kowane masunci a Shanga ya san filafili in an tsoma shi a ruwa sai a gan shi kamar ya karye. Shin ido ne ya yi ƙarya? Waliyyi Agustin, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi nazarin wannan misali. A ganinsa ido bai yi laifi ba, hankali ne ke gaggawar yanke hukunci.

Tun 1968 ruwan Kainji ya rufe tsofaffin ƙauyukanmu. 'Ya'yanmu ba su taɓa ganinsu ba, amma sun san suna nan, domin sun amince da shaidar iyayensu. To, mu da muke cewa sai mun ga Ubangiji kafin mu ba da gaskiya, da idon wa muka ga ranar da aka haife mu?