Amanar Wanda Ba Ya Nan

Da zarar an kammala kaka an cika rumbuna, sai majalisun samari a Beli su fara yoyewa. Wannan ya nufi Legas acaɓa, wancan Fatakwal tallan rake, wani Abuja ga-ruwa, kamar yadda ake yi a sauran garuruwan Rogo da Ƙaraye. Akwai kuma waɗanda tafiyarsu ta zarce ci-rani, irin matan da ke aikatau a Jidda da Makka, a yi shekaru ba a ga ƙeyarsu ba. Duk wanda ya tafi, abin da ya samu a hannun wani na gida yake ƙarewa.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro sun san nauyin wannan. Ayari kan yi watanni kafin ya isa Salaga, kuma cikin kayan da jakuna ke ɗauke da su akwai jarin mutanen da ba su taka ko'ina ba. Babu rasit, babu sa hannu. Madugun da aka taɓa kamawa da ha'inci, ba mai sake bin sa. A Sabon Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, ɗan Arewa kan sauke shanunsa wajen maigidansa, a ba mahauta bashi, maigidan ya tsaya a kai. In mahauci ya gudu, maigidan ne zai biya daga aljihunsa, don ya san da labari ya kai Kano ko Zariya, masaukinsa ya mutu.

Yau waya ta ɗauke aikin ɗan aike. Ɗan acaɓa a Agege zai tura kuɗi, kafin ya kashe mashin an cire su wajen mai POS a bakin kasuwa. Matsalar tana wajen mai karɓa. An ce ya sayi bulo da kwano, ko ya kama tumaki biyu a yi kiwo. Sai ya ce bari ya ɗan ara ya sayi taki, in an yi girbi ya mayar. Daga taki sai bikin suna, daga nan sai sabuwar waya. In aka kira shi ya ce gini ya kai linta, alhali ko tushe ba a haƙa ba.

Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, ta riƙa murƙushe baburan da aka kama, 'yan Arewa da dama sun koma gida babu shiri. Irin wannan dawowar ce ke tona asiri.

Abin takaicin, mai cin amanar nan galibi wa ne ko ƙane ko kawu, shi ya sa maganar ba ta zuwa kotu. Iyakarta zauren mai unguwa, ko ɗakin tsohuwa, ta ce, "Ka yi haƙuri don Allah, ɗan'uwanka ne." Wanda ya sha ranar Legas shi ake ba haƙuri, shi kuma ake kira mai son abin duniya in ya ɗaga murya. Wannan ba sulhu ba ne, ɗaure wa ɓarna gindi ne.

Akwai masu riƙon gaskiya, har da mai rubuta kowace naira a littafi ya ajiye wa mai ita. Amma matafiya da yawa sun canja dabara: kai tsaye suke tura wa mai siminti kuɗinsa, magini kuma ba ya ganin ladansa sai ya ɗauki bidiyon bango ya aika ta WhatsApp.