Gahawa da Matsayin Zaɓin Rai a Shari'a

Daga cikin mas'alolin da suka daɗe suna ɗaukar hankalin malaman usulul fiƙihu, wato masu binciken tushen da ake ciro hukunci daga gare shi, akwai matsayin abin da mutum yake so ko yake ƙyama saboda ɗabi'arsa kurum, ba don wani nassi ya umarce shi ko ya hana shi ba. Mas'alar takan kwanta muddin jama'a suna ci suna sha irin abin da suka gada, amma da zarar baƙon abin sha ya shigo gari sai ta taso, domin a lokacin ne ake samun wanda zai mai da ƙyamarsa haramci, da wanda zai mai da sha'awarsa ibada. Gahawa, wadda a kanti da teburin mai shayi aka fi sani da kofi, ta dace ƙwarai a auna wannan mas'ala da ita, saboda an zauna shari'a a kanta a Makka, an yi rubuce-rubuce a kan halaccinta, kuma har yau masu shanta ba su daidaita a kan irin da ya fi daɗi ko dahuwar da ta fi kyau ba.

Idan muka ɗauki ƙasar Katagum a matsayin misali, ba ƙasar gahawa ba ce. Itacenta yana son ruwan sama mai yawa, mafi darajar irinsa kuma yana son tudu mai sanyi, shi ya sa a Nijeriya ake nomansa a wurare irin tsaunin Mambila na Jihar Taraba, ba a jigawar Azare ko fadamar kogin Jama'are ba. Tun zamanin Malam Ibrahim Zaki, wanda ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, abin da ya tsaya wa mutanenta a matsayin da gahawa ta tsaya wa Larabawa shi ne goro, wanda fatake suke kawowa daga Gwanja, kuma wanda yake ɗauke da sinadarin kafeyin mai kore barci da wartsake jiki, kamar yadda gahawa da ganyen shayi suke ɗauke da shi. A labarin matafiya ma, a hannun baƙo gahawa ta bayyana a yankin: Hugh Clapperton ya rubuta cewa abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, ya sha kofi guda na gahawa da asubar ranar da ya rasu a Murmur, kusa da garin Katagum, a watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, suna kan hanyarsu daga Borno zuwa Kano.

A yau Azare, wadda ta zama mazaunin sarki tun 1916 kuma take kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ta san gahawa ta fuskoki da dama. Akwai garin gwangwani irin Nescafé, wanda mai shayi yake zubawa cikin ruwan zafi da madara da sukari ga direban dare da ɗalibin da jarrabawa ta matso. Akwai gahawar Saudiyya da alhazai suke tahowa da ita, wadda ake yi wa suya sama-sama har launinta ya tsaya ruwan ƙasa mai haske, a dafa ta da wani ƙamshi da Larabawa suke kira hel, a sha a ƙaramin finjali ba sukari, da dabino a gefe. Akwai kuma dahuwar gabas, irin ta Sudan, mai baƙar suya da citta. Bambancin ba na tunani ba ne kawai, yana da tushe a cikin ƙwayar kanta. Irin da ake kira arabika, wanda asalinsa tsaunukan Habasha ne, ya fi ƙamshi da laushin ɗanɗano, alhali robusta, na dazuzzukan tsakiya da yammacin Afirka, ya fi ɗaci kuma kafeyin ɗinsa ya kusa ninka na arabika, kuma da shi ake yin mafi yawan garin gwangwani. Ana iya auna duk wannan a ɗakin gwaji. Abin da ba ya aunuwa shi ne wanne ya fi daɗi, kuma a nan ne wasu suke shigo da addini inda bai ce komai ba.

Wannan kuskure tsoho ne. Sufayen Yaman ne suka fara shan gahawa a ƙarni na 15 don su iya raya dare da zikiri, daga nan ta bazu zuwa Makka da Alƙahira. A shekarar 1511 Kha'ir Beg, wanda yake riƙe da hisbar Makka a ƙarƙashin sarakunan Mamalik na Masar, ya tara malamai, ya kawo likitoci biyu suka ba da shaidar cewa tana cutarwa, aka hana sayar da ita. Da maganar ta isa Alƙahira, amsar da ta dawo ta tsananta a kan tarukan da ake yi don shanta, ba ta haramta ita kanta ba, kuma hanin bai yi ƙarko ba. Mafi amfani ga mai karatu a ƙasar Malikiyya shi ne bayanin Imam al-Haɗɗab, malamin Makka da ya rasu a 1547, a cikin Mawahibul Jalil, sharhinsa a kan Mukhtasar na Khalil, littafin da zaurukan karatun ƙasar Hausa suka sani sarai. Ya ambaci cewa mutane sun rabu biyu a kanta, wasu sun wuce iyaka har suna ganin shanta kusanci ne ga Allah, wasu sun wuce iyaka ta ɗaya gefen suna ganinta mai sa maye kamar giya, sannan ya tabbatar da cewa ita a kanta ba ta sa maye, wartsakewa kawai take kawowa, kuma haramci yana iya shigowa ne ta abin da ya rataya da ita, kamar zagaya ta a majalisi yadda mashaya suke zagaya giya. Abin lura shi ne bai ɗauki ɓangaren masoyanta ba don ya ƙi ɓangaren maƙiyanta. Duka biyun ya kira su masu wuce iyaka.

Hujjar wannan matsaya tana cikin sunna kanta. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, haka ma Bukhari da Muslim, cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen naman wata dabbar hamada da malamanmu suke fassarawa da damo, a ɗakin matarsa Maimuna, sai ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya amsa masa cewa ba haramun ba ne, illa dai babu shi a ƙasar mutanensa, don haka ransa ba ya son sa, sai Khalid ya jawo ya ci, Annabi yana kallonsa. Daga irin wannan ne malaman usulu suka ware abin da suke kira ayyukan jibilla, wato abin da Annabi ya yi ko ya bari bisa halittarsa ta ɗan Adam, daga abin da ya yi don shar'antawa. Idan ƙyamar mafi darajar halitta ba ta haramta nama ba, to babu yadda ƙyamar wani dattijo ga kofin gwangwani, don yana ganinsa abin Nasara, za ta haramta shi.

Dalilin da aka bayar a hadisin ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana amsa tambayar da masana falsafa suke yi game da ɗanɗano: shin hukunci ne na gaskiya game da abin da aka ɗanɗana, ko labari ne kawai game da mai ɗanɗanawar? An danganta ƙyamar da rashin sabo, ba da wani aibi na naman ba. Ke nan harshe ɗan goyon ƙasarsa ne. Wanda ya tashi da kunun tsamiya da shayi mai kauri da sukari zai ji gahawar Saudiyya kamar ruwan magani a karon farko, wanda kuma ya yi shekaru a Madina zai ji kofin mai shayi kamar madara ce aka ɓata. Kowannensu ya faɗi gaskiya game da kansa, babu wanda ya faɗi hukunci a kan ɗan'uwansa. Wannan ba ya nufin ƙwarewa ba ta da ƙima, domin wanda ya san suya yana gane ƙwayar da ta ƙone da wadda ta tsufa, kuma maganarsa a nan abin karɓa ce kamar maganar kowane mai sana'a a sana'arsa. Sai dai ƙwarewarsa tana ƙarewa a bakin ingancin ƙwaya, ba ta kai ga darajar mai sha ba. An kuma ruwaito cewa Annabi bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari, kuma wannan ladabi ya fi wuyar riƙewa ga wanda ya san abin sosai.

Ɗaya gefen, wato mai da sha'awa ibada, ya fi ɓoyuwa, domin yana zuwa da rigar ƙauna. Anas ɗan Malik ya ce bai gushe yana son kabewa ba tun ranar da ya ga Annabi yana bin yankanta a cikin akushi, kuma malamai da dama sun ga cewa mai koyi da irin wannan saboda soyayya yana samun ladan niyyarsa. Gahawa ba ta shiga wannan babi, domin shanta ya bayyana fiye da shekara 800 bayan wafatin Annabi, don haka dahuwar Makka da Madina al'adar mutanen ƙasar ce ta baya-bayan nan, ba sunna ba ce, kuma alhajin da ya fifita ta yana da 'yancin harshensa amma ba shi da fifikon addini a kan mai shan ta teburin mai shayi. Haka lamarin yake ga gahawar Touba ta Senegal, wadda ake haɗawa da kimba kuma mabiya Muridiyya suke dangantawa da Shehu Ahmadu Bamba: shanta don tuna shehinsu abu ne da ake fahimta, ɗaukar ta wajibi kuwa ƙari ne a cikin addini.

Inda shari'a take shiga da gaske shi ne inda Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya nuna a cikin Muwafaƙat, cewa mubahi, wato abin da aka bar wa mutum zaɓi a kansa, yana zama halal idan aka dube shi sau ɗaya, amma hukuncinsa yana iya sauyawa idan aka dubi ɗorewa a kansa da abin da yake haifarwa. Hukumomin lafiya na Turai da Amurka sun sanya kimanin miligiram 400 na kafeyin a rana a matsayin abin da baligi mai lafiya zai iya ɗauka, kusan kofi huɗu ke nan, ana kuma shawartar mai juna biyu kada ta wuce rabin haka. Direban da yake ɗura kofi mai kauri don ya danne barcin da jikinsa yake bukata alhali yana ɗauke da rayukan mutane zuwa Potiskum, da wanda yake haɗa shi da ƙwaya, da mai hawan jinin da likita ya hana amma ya ƙi ji, da wanda hirar gahawa take kai shi tsakar dare har Asuba ta kuɓuce masa, duk sun fita daga filin zaɓi sun shiga filin hukunci. Abin da ya shigar da su kuwa cutarwa ce da tauye haƙƙi, kuma hukuncin ɗaya ne ko arabika suka sha ko robusta, ko a finjali ko a kofin roba.