Wa Ake Kira a Dandalin Salzburg?

A birnin Salzburg na ƙasar Ostiriya akwai wani wasan kwaikwayo da ake yi a fili, a dandalin da ke gaban babbar majami'ar garin, tun daga ranar 22 ga watan Agusta, 1920. Sunan wasan Jedermann, wato "Kowa" da Jamusanci. Hugo von Hofmannsthal ne ya rubuta shi, ya ɗauko tushensa daga wani tsohon wasan Ingila na ƙarni na 15, aka fara nuna shi a Barlin a 1911, sannan Max Reinhardt ya fito da shi sarari a Salzburg. An dakatar da shi daga 1938 zuwa 1945, zamanin mulkin Nazi, aka dawo da shi a 1946. Idan hadari ya taso akan koma cikin zaure, amma asalin wurinsa dandali ne.

Labarin gajere ne. Wani attajiri ya shirya walima, ana kiɗa da waƙa da raye-raye, sai ya fara jin ana kiran sunansa daga nesa, alhali babu mai ji sai shi. Mutuwa ce ta zo. Ya roƙi jinkiri aka ba shi sa'a guda, don ya nemi wanda zai raka shi. Amininsa ya zame, 'yan'uwansa suka kawo uzuri, farkarsa kuwa tun a wajen walima ta arce.

To, babu wanda ke buƙatar zuwa Turai kafin ya san likkafani ba shi da aljihu. Abin da ya sa nake ganin wasan ya cancanci marubuci ya tsaya a kansa shi ne yadda aka gina attajirin. Ba a yi shi mugu ba. Da maƙwabcinsa matalauci ya roƙe shi, ya ba shi sule guda, ya kuma kafa masa hujja cewa da za a raba dukiyarsa ga duk mabukata, abin da kowa zai samu ke nan. Da aka zo wucewa da wani da yake bi bashi za a kai shi kurkuku, ya ƙi yafewa, domin doka na bayansa, amma ya yarda a ɗauki nauyin matar da 'ya'yanta. Yana girmama mahaifiyarsa, ko da yake nasiharta ta bayan kunne take bi. Wato dai mutum ne mai lissafi, irin wanda a gari za a ce da shi mutumin kirki.

Mu kuwa, a yawancin rubuce-rubucenmu da wasanninmu, idan za mu kawo mai kuɗi sai mun mai da shi Ƙaruna: ga rowa, ga zalunci, ga tsafi, ga ƙwace matan mutane. Mai karatu ya ji daɗin faɗuwarsa, ya rufe littafi ransa fes, don ya san shi bai taɓa yanka kowa ba. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani, mu kuma sai mu gina masa tudun mu ba shi tsani. Hofmannsthal ya hana ɗan kallo wannan mafaka. Hujjar sule guda hujja ce da kusan kowannenmu ya taɓa kawo wa kansa, ko da jarinsa bai wuce tiren goro ba.

Yin wasan a fili ya ƙara wa abin kaifi. Masu kiran sunan ba a kan dandamali suke ba. Ana ajiye su a hasumiyoyi da kan tudun ganuwar da ke kallon garin, sai kiran ya sauko a kan 'yan wasa da 'yan kallo baki ɗaya, har da mai wucewa da bai sayi tikiti ba. Tun da sunan da ake kira shi ne "Kowa", da wuya mutum ya ce ba da shi ake ba. Sai dai kuma, abin dariya, tikitin na da tsada, manyan masu hali ne ke cika kujerun gaba, su tafa, su wuce cin abincin dare. Wasu kan ce wannan munafunci ne. Ni ban tafi har can ba. Mai zuwa jana'iza ma yakan dawo ya buɗe shagonsa, ba kuma za a ce zuwan nasa banza ba ne.

Fitowar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta akwatin kuɗi. Da kowa ya guje shi, attajirin ya ce a ɗauko masa taskarsa su tafi tare. Sai Dukiya ta fito daga ciki a siffar mutum, ta yi masa dariya, ta nuna masa cewa ita ce ke juya shi kamar 'yar tsana tsawon rayuwarsa, shi yana zaton shi ne maigida. Wadda ta yarda ta bi shi ita ce Aikin Alheri, wata mace maras lafiya da ko miƙewa ba ta iya yi, saboda yunwar da ya bar ta da ita.

Inda nake da ja da marubucin shi ne ƙarshen. A cikin sa'ar nan guda Imani ta zo, attajirin ya tuba bisa aƙidar Kirista wadda wasan ya ginu a kanta, Aikin Alheri ta sami ƙarfi, ya shiga kabari da rakiya. Shaiɗan ya iso ɗaukar rabonsa aka tare masa hanya, ya yi ta ƙorafin an cuce shi, 'yan kallo na dariya. Ban musa cewa ƙofar tuba a buɗe take ba. Amma tsakanin mutum da Mahaliccinsa daban, tsakaninsa da 'yan'uwansa mutane daban, kuma wasan ya warware na farko ya yi shiru a kan na biyu. Mutumin nan da aka tafi da shi a ɗaure tun farkon wasa ba a sake waiwayarsa ba. Ana kaɗa ƙararrawa, ana rera waƙar ƙarshe, jama'a na miƙewa, shi kuwa yana nan a kurkuku, takardar bashinsa na cikin akwatin da magada za su buɗe.