Tuba a Garin da Ba a San Mutum Ba

Karatu: Farawa 32:3-21, Littafin Firistoci 6:1-7, Luka 19:1-10

A birnin Duwala, babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Kamaru, akwai wata unguwa da ake kira New Bell. Tun kafuwarta unguwar baƙi ce. Gab da yaƙin duniya na farko Jamusawa suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wuri domin su gina unguwar Turawa. Suka yanka wa masu ƙasar wani wuri can baya, suka bar fili mai faɗin kilomita 1 a tsakani. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914. Yawancin mutanensa ba su zauna a sabon wurin ba, sai baƙi suka cika shi: Hausawa fatake da mahauta, da Bamileke, da Basa, da Ewondo, da waɗansu daga ƙasashen yamma. Har wa yau akwai sashen unguwar da ake kira da sunan Hausawa.

A cikin wannan taro akwai masu bi da ke jin Hausa, waɗanda neman abinci ya kawo daga arewa. Ba su da yawa a tsakanin maƙwabtansu Musulmi. Garin baƙi yana da albarkarsa, gama wanda ya rasa hanya a gida yakan samu a can. Amma yana da nasa tarko. A ƙauye kowa ya san kowa, ya san ubansa, ya san abin da ya yi bara. A New Bell mutum yana iya sauka da sabon suna, ba mai tambayarsa. Daga nan wata tambaya ta taso wadda ta shafi kowane mai bi: in mutum ya yi laifi a inda ya fito, ya kuwa yi nadama a inda ba wanda ya sani, hawayensa a gaban Allah sun isa?

Misali

Tun 1974, da hanyar jirgin ƙasa ta kai Ngaundere, ake loda shanun Adamawa a tarago zuwa kudu. Cinikin nan a kan amana yake tafiya. Maigida yana saukar da baƙo, dillali yana nemo mai saye, mahauci yakan ɗauki sa bashi ya biya bayan ya sayar da nama. Sau da yawa ba takarda, ba sa hannu, sai magana.

A ɗauka wani saurayi mai bi ne, yaron wani mai shanu. An aike shi Duwala ya karɓo kuɗin bijimai 2. Ya karɓa, ya aika da saƙo cewa mahauci ya gudu. Shi kuwa ya shige New Bell, ya sayi keken ɗinki, ya kama shago. Shekaru suka wuce, ya yi aure, ya haifu. Duwala gari ne mai majami'u da yawa tun zuwan Alfred Saker a 1845, saboda haka bai sha wuyar samun ikkilisiyar da ba mai saninsa ba. Ya shiga ƙungiyar mawaƙa, yana ba da ushiri, ana yabonsa. Wata rana da dare a taron farkaswa maganar Allah ta soke shi, ya fito gaba yana kuka, aka yi masa addu'a. Kashegari ya buɗe shagonsa, ya hau keken nan ya ci gaba da ɗinki. Mai shanu kuwa yana can Ngaundere, har yanzu yana zagin mahaucin da bai ci masa kome ba.

Mutumin nan ya tuba ko bai tuba ba?

Kunya dabam, tuba dabam

Abu na fari, sai a rarrabe kunya da tuba. Kunya tana duban idon mutane. In idon ya kau, ita ma ta kau. Shi ya sa mai laifi yakan ji sauƙi da zarar ya ƙetare iyaka, har ya zaci an gafarta masa, alhali kuwa nisa ne kawai ya yi. Tuba kuwa yana duban Allah, wanda yake a New Bell kamar yadda yake a Ngaundere. Annabi Yunusa ya gangara tashar Yafa ya biya kuɗin jirgi, yana tsammani teku za ta raba shi da Ubangiji, ya tarar ba haka ba ne. Zabura 139 ta nuna ba wani lungu, ko a sama ko a ƙasa ko a cikin duhu, inda mutum zai ɓuya.

Shekaru ma ba sa wanke laifi. Sai a 2022, bayan shekara 108, birnin Ulm na Jamus, inda Manga Bell ya yi makaranta, ya raɗa wa wani dandali sunansa. Waɗanda suka rataye shi sun daɗe da mutuwa, amma abin bai bar jikoki sun huta ba. In haka yake ga al'umma, balle ga mutum ɗaya mai lamiri.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Shari'ar Musa ba ta bar wannan magana a duhu ba. A Littafin Firistoci 6:1-7, wanda ya ci amana ko ya yi ƙarya a kan ajiya, an ɗauka Ubangiji ya yi wa laifi. An umarce shi ya mayar da abin, ya ƙara kashi 1 cikin 5, sa'an nan ya kawo hadaya. A lura da jerin: mayarwa tukuna, hadaya daga baya. A Fitowa 22:1 wanda ya saci sa ya yanka ko ya sayar, shanu 5 zai biya, tumaki 4 kuma a madadin tunkiya. Ubangiji Yesu bai rushe wannan ba. A Matiyu 5:23-24 ya koyar cewa mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna.

Wani zai ce, "Ai ta wurin alheri aka cece mu, ba ta wurin ayyuka ba. In jinin Almasihu ya wanke zunubi, mene ne kuma na biya?" Rabin maganar gaskiya ce. Ba mai sayen gafarar Allah da bijimai 2, ko da 200. Amma a dubi Zakka. Yesu ya fara shiga gidansa tun bai mayar da ko anini ba. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa wanda ya zalunta ninki 4. Mayarwar ba ita ta sayi ceto ba, ceto ne ya haife ta. Allah ya yafe abin da ke nasa, amma kuɗin shanun ba su zama na tela ba don ya yi kuka. Wanda ya ce ya tuba yana riƙe da kayan mutane, shi ne Hausawa ke ce wa tuban muzuru, kaza a baki.

Aikin addu'a

A nan ne addu'a takan zama ko magani ko mafaka. Akwai addu'ar da mutum ke yi don kada ya tashi. Yana ce wa Allah shi mai zunubi ne, ba ya taɓa faɗin wane zunubi, ko nawa ne, ko na wane ne. Irin wannan addu'a tana iya kai shekara 20, har da azumi da kwanan majami'a, keken ɗinki yana nan inda yake. Dawuda ya san wannan hali. A Zabura 32 ya ba da labarin yadda jikinsa ya lalace muddin yana shiru, sai da ya ambaci laifinsa a fili ya sami hutu.

Addu'ar mai tuba takan kira abu da sunansa. Yakubu ya cuci wansa Isuwa, ya gudu Faddan-aram, ya yi shekara 20 a baƙunci, ya yi arziki. Da zai koma aka ce masa Isuwa yana zuwa da mutum 400. Addu'arsa a Farawa 32 gajeriya ce, ba ado. Ya yarda bai cancanci alherin da aka yi masa ba, ya faɗi sunan wanda yake tsoro, ya tuna wa Allah alkawarinsa. Da ya gama bai kwanta yana jira ba. Ya ware awaki 220, tumaki 220, raƙuma 30 da 'ya'yansu, shanu 50, jakuna 30, ya tura su gaba garke garke. Addu'a ba ta ɗauke masa tafiyar ba, ita ta ba shi ƙafar yinta.

Inda dogara ke shigowa

Ba a ce abin yana da sauƙi ba. Telan nan yana da dalilan tsoro, ba kuwa na banza ba ne. In ya faɗa, matarsa za ta san da me aka gina gidanta. Za a iya sauke shi daga ƙungiyar mawaƙa, a sa shi ƙarƙashin horo. Mai shanu yana iya kai shi ƙara, shi kuwa kullum yana wuce bangon gidan yarin New Bell, wanda aka gina a zamanin Faransawa domin mutum wajen 800 amma shekara da shekaru dubbai ke cunkushe a ciki. Yana kuma cewa a ransa, "In maƙwabta Musulmi suka ji, sunan Almasihu zai ɓaci."

Wannan na ƙarshe ruɗin Shaiɗan ne. Sunan ya riga ya ɓaci tun ranar da aka ci amanar. Musulmi ma sun san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Cin amana ba sabon labari ba ne a kasuwa. Abin da kasuwa ba ta saba gani ba shi ne mutum ya dawo da ƙafarsa bayan shekaru, ba wanda ya kama shi, ya ce ga kuɗinka. Wa'azi 100 bai kai wannan ba.

Sauran tsoron kuwa, dogara ga Allah kaɗai ke ɗaukarsa. Dogara ba ta nufin an ba mutum tabbacin cewa kome zai ƙare da daɗi. Isuwa ya rungume Yakubu, amma ba a yi wa kowa alkawarin irin wannan maraba ba. Dogara ita ce mutum ya gaskata cewa faɗawa hannun Allah da gaskiya ya fi zama lafiya da ƙarya, ko da gaskiyar ta ci shagon. Yahuza Iskariyoti ya mayar da azurfa 30 daidai, amma bai gaskata akwai jinƙai dominsa ba, ya je ya rataye kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, ya tsaya cikin 'yan'uwa har Ubangiji ya same shi. Mayarwa ba tare da dogara ba fid da zuciya take haifarwa. Dogara ba tare da mayarwa ba kuwa yaudarar kai ce.

In babu abin biya fa?

Akwai wanda kuɗin sun narke a hannunsa, akwai wanda yake kulle, akwai wanda mai haƙƙin ya rasu. Waɗannan ba a rufe musu ƙofa ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu hannuwansa a kafe suke, bai iya mayar da kome ba. Ya yi abin da ya rage masa, ya amsa laifinsa a gaban jama'a, ya roƙi Ubangiji, aka karɓe shi a ranar. Allah ba ya neman abin da mutum ba shi da shi, amma ya san bambancin "ba ni da shi" da "ba na so".

Saboda haka wanda ba ya iya biya gaba ɗaya, ya faɗi gaskiya tukuna, gama wanke sunan mahaucin nan ba ya bukatar ko sisi. Ya nemi dattijo ɗaya ko biyu na ikkilisiya su raka shi, a yanka abin da zai riƙa bayarwa wata wata. In mai haƙƙin ya rasu, magadansa suna nan. Littafin Ƙidaya 5:5-8 ya ce sai an rasa dangi sarai ne abin zai koma ga Ubangiji. Kada kuma a yi wayo da lissafi. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin da ya sayi sa kafin lokacin ba zai saye shi yau ba. Wanda ya ci sa, sa ake binsa.

Ikkilisiya ma tana da nata kaya. Sa'ad da Bulus ya mayar da Unisimas wurin Filimon, bai sake shi hannu wofi ba. Ya ba shi wasiƙa, ya ɗauki nauyin bashinsa a kansa. Ikkilisiyar da ke kiran mutane su fito gaba su tuba, ta shirya raka su har ƙofar wanda suka cuta, ta kuma riƙe iyalinsu in abin ya yi tsanani. In ba haka ba, ta koya musu kuka ne kawai.

Kammalawa

Amsar tambayar ke nan. Hawayen telan nan a daren farkaswa ba ƙarya ba ne, aikin Ruhu Mai Tsarki ne, amma mafari ne. Allah ya karɓe shi kamar yadda Yesu ya shiga gidan Zakka, yanzu saura ya miƙe tsaye. Hanyar da ta kawo shi tana nan. Jirgin da ke tashi daga Yawunde da yamma yakan kwana yana tafiya, ya isa Ngaundere da safe. Daren zai yi masa tsawo, kamar daren Yakubu a mashigin Yabbok. Yakubu ya fito daga wannan dare yana ɗingishi, amma da albarka da sabon suna, wanda Allah ya ba shi, ba wanda ya raɗa wa kansa don ɓuya ba.

Ubangiji ya ba kowane baƙo da ke ɗauke da irin wannan kaya ƙarfin hali ya sauke shi tun mai haƙƙin yana da rai. Amin.